Shin ikon shugaban ƙasa ya fi ƙarfin majalisa da kotu a Najeriya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun lokacin da Shugaba Tinubu ya dakatar da gwamnan Ribas da 'yan majalisar jihar a 2025 nake jin masana suna cewa ikon ɓangaren zartarwa yana neman ya danne majalisa da kotu, wasu kuma suna cewa surutun 'yan adawa ne kawai. Shin wannan damuwa tana da tushe? Idan tana da shi, daga ina matsalar ta faro?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Damuwar tana da tushe, amma ta girmi shekarar 2025, kuma duk jam'iyyar da ta riƙe mulki daga 1999 zuwa yau tana da hannu a cikinta. Na daɗe ina koyar da dokokin tsarin mulki, kuma abin da na fahimta shi ne kundinmu bai rasa linzamin da za a sa wa shugaban ƙasa ba. Inda gizo yake saƙar shi ne waɗanda aka damƙa wa linzamin yawanci a hannun shugaban suke samun kujerarsu da kuɗin aikinsu, sannan duk wani wuce gona da iri da aka bari ya tafi ba a hukunta ba yakan zama hujja ga wanda zai hau kujerar daga baya.

A takarda, kundin 1999 ya raba iko gida uku. Sashe na 4 ya ba majalisa ikon yin doka, sashe na 5 ya ba shugaban ƙasa ikon zartar da ita, sashe na 6 ya ba kotuna ikon yanke hukunci. Shugaban ƙasa ba ya da ikon taɓa ko kwabo daga asusun gwamnati sai da dokar kasafi, ministocinsa sai Majalisar Dattawa ta tantance su, majalisa tana da ikon bincikar duk wata ma'aikata a ƙarƙashin sashe na 88, idan ya ƙi sa hannu a kan ƙudiri har kwana 30 suka wuce, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa za su iya mayar da shi doka ba tare da shi ba, kuma sashe na 143 ya tanadi hanyar tsige shi. Sashe na 287 ya wajabta wa kowa da kowa bin hukuncin kotu. Wanda ya karanta waɗannan kaɗai zai ɗauka an ɗaure shugaban tamau.

Sai dai ginin ya karkace tun daga tushe. A Jamhuriya ta Farko tsarin firaminista muke bi, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa yake zama a cikin majalisa yana amsa tambayoyi. Gwamnatin Murtala Muhammed ce ta kafa kwamitin rubuta sabon kundi a 1975, a ƙarƙashin Rotimi Williams, tare da nuna son a samu shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, wanda za a zaɓa daga faɗin ƙasa domin ya zama abin da zai haɗa kan jama'a bayan yaƙin basasa. Niyyar ba ta da laifi. Amma soja sun mulki ƙasar nan kusan shekara 29, kuma duk lokacin da suka yi juyin mulki majalisa suke fara rufewa, su bar ma'aikatu suna aiki, su bar kotuna a buɗe amma da hannu a ɗaure. A 1970, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lakanmi cewa gwamnatin soja ba ta fi kundin tsarin mulki ba, cikin 'yan makonni aka fitar da dokar soja da ta soke tasirin hukuncin. Saboda haka a 1999 ɓangaren zartarwa ya shigo dimokuraɗiyya da tsohon ƙarfinsa da tsofaffin ɗabi'unsa, majalisa kuwa ta shigo kamar baƙuwa. Kundin kansa dokar soja ce ta 24 ta 1999 ta kawo shi a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar. Ya ware abubuwa 68 waɗanda gwamnatin tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu, ya sa 'yan sanda ɗungurungum a ƙarƙashin Abuja, kuma a rabon arzikin ƙasa tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60.

Yanzu mu zo kan Ribas, domin a nan ne kusan dukkan cutar ta bayyana a wuri guda. Ranar 18 ga Maris 2025 shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa Ngozi Odu da dukkan 'yan majalisar dokokin jihar na wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas a matsayin kantoma. Ikon ayyana dokar ta-ɓaci yana nan a sashe na 305, babu gardama a kansa. Abin da sashen bai ambata ba shi ne dakatar da zaɓaɓɓen gwamna. Kundin ya lissafa hanyoyin da gwamna zai bar kujera: ƙarewar wa'adi, mutuwa, murabus, rashin lafiyar da ta hana shi aiki, ko tsigewa ta hannun majalisar jiharsa a ƙarƙashin sashe na 188. Har ma sashe na 11, wanda ya ba Majalisar Tarayya damar yi wa jiha doka idan majalisarta ta kasa zama, ya ƙara da cewa wannan bai ba ta ikon cire gwamna ko mataimakinsa ba. A fahimtata, idan an hana majalisar da ke wakiltar dukkan 'yan ƙasa wannan iko a fili, da wuya a ce an ba mutum ɗaya shi a ɓoye.

Masu goyon bayan matakin sun kafa hujja da tarihi, kuma tarihin yana nan. A 1962 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma ta naɗa Dakta Moses Majekodunmi ya riƙe ta, ko da yake wancan kundi daban ne. A watan Mayun 2004 Obasanjo ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye a Filato ya naɗa Janar Chris Alli, a watan Oktoban 2006 kuma ya naɗa Janar Tunji Olurin a Ekiti. Da aka kai batun Filato Kotun Ƙoli, sai ta kori ƙarar a bisa dalilin cewa ba a shigar da ita da izinin wanda ke riƙe da jihar ba, wato kantoman da ake ƙalubalantar naɗinsa. Ainihin tambayar ta zauna ba amsa kusan shekara ashirin. Jonathan ya bi wata hanyar daban: da ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, lokacin da Boko Haram ke riƙe da garuruwa, ya bar gwamnonin jihohin, Kashim Shettima da Ibrahim Gaidam da Murtala Nyako, a kan kujerunsu. Wannan ya nuna ana iya ɗaukar matakin tsaro mai tsanani ba tare da an rushe abin da jama'a suka zaɓa ba. A 2025 aka tsallake misalin Jonathan aka koma na Obasanjo.

Abin da ya fi damuna ma shi ne abin da ya faru ranar 20 ga Maris a majalisa. Sashe na 305 ya ce dokar ta-ɓaci za ta faɗi idan ba ta samu goyon bayan kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa ba, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360. Wannan lissafi ne, kuma lissafi sai da ƙirga. Amma majalisun biyu da ƙuri'ar murya suka amince, aka ce masu goyon baya su ce "e", aka buga guduma. Kunnen shugaban majalisa zai iya jin cewa wani ɓangare ya fi wani ƙara, amma ba zai iya bambance muryar mutum 240 da ta mutum 200 ba. Waɗanda suka rubuta kundin sun sa wannan babban sharaɗi ne domin kada dokar ta-ɓaci ta zama abu mai sauƙi, sai ga shi waɗanda aka ba ajiyar sharaɗin su ne suka sauƙaƙa shi da kansu.

An ɗage dokar a watan Satumba, bayan an yi zaɓen ƙananan hukumomi a ƙarƙashin kantoma. A watan Disamba Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai shida a kan ɗaya, ta kori ƙarar da jihohin PDP suka shigar, tare da bayyana cewa shugaban ƙasa yana iya dakatar da zaɓaɓɓun shugabanni na wani ƙayyadajjen lokaci a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Ina girmama kotun, kuma maganarta tana da nauyin da tawa ba ta da shi, amma ina ganin ta buɗe ƙofar da za ta yi wuyar rufewa, domin yanzu kowane gwamna ya san abin da zai iya samunsa idan rikicin jiharsa ya kai kunnen Abuja. A cikin wannan watan ne kuma Fubara ya koma APC.

Kada ka ɗauka Fubara waliyyi ne a wannan labari. A watan Disamban 2023, a tsakiyar rikicinsa da ubangidansa Nyesom Wike, gwamnatinsa ta rushe ginin majalisar jihar, ya kuma gabatar da kasafin kuɗi ga 'yan majalisa huɗu cikin 32, abin da Kotun Ƙoli ta yi tir da shi a watan Fabrairun 2025. Gwamna ya taka majalisarsa, shugaban ƙasa ya zo ya taka su duka biyun.

Kuɗi shi ne fage na biyu, kuma ya fi dokar ta-ɓaci muhimmanci ko da yake ba ya jan hankali kamarta. Dokar Babban Banki ta 2007 ta ce rancen wucin gadi da bankin zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, kuma a biya shi kafin shekara ta ƙare. A zamanin Buhari wannan rance ya taru har ya kai naira tiriliyan 22.7, an ci an kashe ba tare da majalisa ta amince tun farko ba, sannan a watan Mayun 2023, ana saura 'yan makonni gwamnati ta sauka, majalisa ta amince a mayar da shi bashi na dogon lokaci. Majalisar da ikonta mafi girma shi ne riƙe bakin jaka ta koma mai sa hannu bayan an riga an zazzage jakar. Duk wanda ya ji tsadar kaya a kasuwar Dawanau ko Singa a waɗannan shekaru ya biya wani ɓangare na wannan sakaci, domin buga kuɗi ba tare da ƙarin kaya ba farashi yake ɗagawa.

Kotuna kuma matsalarsu iri biyu ce: a ƙi bin umarninsu, ko a taɓa su kansu alƙalan. Tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Sambo Dasuki ya zauna a tsare daga Disamban 2015 zuwa Disamban 2019 duk da belin da kotuna daban-daban suka ba shi da hukuncin kotun ECOWAS. Wata babbar kotun tarayya ta ba da umarnin sakin Ibrahim Zakzaky a Disamban 2016, amma bai fita ba sai a Yulin 2021. Ba sai kana ƙaunar ɗayansu ba kafin ka ga hatsarin, domin gwamnatin da ta zaɓi umarnin kotu da za ta bi a kan wanda ka ƙi, gobe za ta yi zaɓin a kan wanda kake so. A 2018 Buhari ya faɗa wa taron lauyoyi cewa tsaron ƙasa yana gaba da bin doka, kuma wannan ita ce hujjar kowane mai mulki a kowane zamani, tunda shi ne yake fassara abin da ake nufi da tsaron. A lokacin canjin kuɗi, Kotun Ƙoli ta ba da umarni ranar 8 ga Fabrairun 2023 cewa tsofaffin takardun naira su ci gaba da aiki, bayan ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar, sai ga shugaban ƙasa a jawabinsa na 16 ga wata ya ce tsohuwar ɗari biyu kaɗai ya yarda da ita. Mutanenmu ba su manta layin banki na wancan lokaci ba.

Taɓa alƙalai ya fi wannan muni. A Oktoban 2016 jami'an tsaro na farin kaya sun fasa gidajen alƙalai da dare, har da na Kotun Ƙoli. Ranar 25 ga Janairun 2019, ana saura makonni kaɗan zaɓen shugaban ƙasa, Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata wanda aka bayar ba tare da an ji ta bakinsa ba, alhali sashe na 292 ya ce cire mai wannan muƙami sai da buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi a Nuwamban 2024, lokacin da wankewar ba za ta mayar masa da kujera ba. Kafin wannan, a 2011, Jonathan ya dakatar da shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara Ayo Salami bisa shawarar majalisar kula da alƙalai, amma da majalisar ta ba da shawarar a mayar da shi a 2012, sai aka yi kunnen uwar shegu har ya yi ritaya. Akwai kuma hanya mai laushi, wadda ba ta buƙatar jami'an tsaro: gwamna ya saya wa alƙalai motoci a gaban 'yan jarida, minista ya gina musu gidaje. Alƙalai sun cancanci muhalli da abin hawa, amma kamata ya yi su fito daga kasafin ɓangaren shari'a a matsayin haƙƙi, domin in baki ya ci, ido kan ji kunya.

To me ya sa majalisa ba ta tsayawa? Amsar tana cikin yadda ɗan majalisa yake samun kujerarsa. Ba a tsayawa takara sai ta hannun jam'iyya, jam'iyya kuwa a jiha tana hannun gwamna, a ƙasa tana hannun shugaban ƙasa. Sanatan da ya san cewa tikitinsa na zaɓe mai zuwa yana aljihun wani ba zai yi wa wannan mutum tambaya mai zafi ba. Ayyukan mazaɓu da yake nunawa a gida, rijiyar burtsatse da ajin makaranta, ma'aikatun gwamnati ne suke sakin kuɗinsu. Mafi yawan 'yan majalisa ba sa dawowa bayan kowane zaɓe, saboda haka ƙwarewa ba ta taruwa. Shugabancin majalisar ma daga fada ake nuna shi: Majalisar Dattawa ta yi shugabanni biyar a shekara takwas na Obasanjo, daga Evan Enwerem zuwa Ken Nnamani, kuma a 2019 da 2023 waɗanda jam'iyya mai mulki ta tsayar su ne suka hau. Shi ya sa ake kiransu 'yan amshin shata. Ka duba yadda aka dawo da tsohon taken ƙasa a Mayun 2024 cikin 'yan kwanaki, ka kwatanta da ƙudirorin da suke shekara da shekaru a kwamiti. Sauya sheƙa ta ƙara dagula lamarin. Sashe na 68 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi zai rasa kujerarsa sai idan jam'iyyar ta rabu, amma shugaban majalisa ne zai ayyana kujerar babu kowa, kuma ba ya yin haka ga wanda ya shigo jam'iyyarsa. A 2025 gwamnonin Delta da Akwa Ibom da Enugu da Bayelsa duk sun bar PDP sun koma APC, kuma majalisar da babu 'yan adawa masu yawa a cikinta ba ta da wanda zai tilasta a yi ƙirga.

Idan kana son ganin abin a tsirararsa, ka bar Abuja ka dubi jiharka. A 2010 aka kawo gyaran kundi da zai ba majalisun jihohi 'yancin karɓar kuɗinsu kai tsaye, kuma su majalisun jihohin ne suka kasa ba shi goyon bayan da ake buƙata, wato aka miƙa musu 'yanci suka ce ba sa so. Sai a 2018 gyaran ya shiga. A Kano majalisa ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki a Mayun 2019 a zamanin Ganduje, sannan a Mayun 2024 majalisa ta rushe su da irin wannan sauri a zamanin Abba Kabir Yusuf. Ko wane ɓangare kake a rikicin masarauta, saurin iri ɗaya ne, kuma a duka biyun abin da gidan gwamnati yake so shi ya fito. Ƙananan hukumomi kuwa gwamnoni sun daɗe suna riƙe kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa suna naɗa musu kantomomi, har sai da Kotun Ƙoli ta haramta hakan ranar 11 ga Yulin 2024. Gwamnan da yake kukan Abuja ta danne shi yawanci ƙafarsa tana kan wuyan shugaban ƙaramar hukuma.

Duk da haka, akwai lokutan da linzamin ya kama, kuma su ne suka fi koyar da darasi. A 2000 majalisa ta tsallake Obasanjo ta zartar da dokar hukumar raya yankin Neja Delta. A 2002 Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Ghali Umar Na'Abba ta yi masa barazanar tsigewa. A Disamban 2004 Kotun Ƙoli ta ce shugaban ƙasa ba ya da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas, kuma gwamnan da ya kai ƙarar shi ne Bola Tinubu, ko da yake sai a zamanin 'Yar'aduwa aka saki kuɗin. A 2006 da 2007 kotuna sun mayar da gwamnoni uku, Rashidi Ladoja da Peter Obi da Dariye, kan kujerunsu bayan tsigewar da ba ta bi ƙa'ida ba. Mafi girma shi ne ranar 16 ga Mayun 2006, da Majalisar Dattawa ta binne tazarcen Obasanjo. Abin da ya kashe tazarcen shi ne an nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya miƙe ya faɗi matsayinsa mutanen mazaɓarsa suna kallo. A ƙarshe da murya aka yi watsi da ƙudirin, amma wannan bai saɓa wa abin da na faɗa a baya ba, domin murya tana iya nuna cewa abu bai samu rinjaye ba, abin da ba ta iyawa shi ne tabbatar da cewa ya kai wani adadi. Haka kuma a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, da Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawa game da matakan ECOWAS, sanatoci suka ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja. Sanatocin Arewa sun san ba za su iya komawa Illela ko Jibiya ko Maigatari su ce sun amince a kai wa 'yan'uwa yaƙi ba. A waɗannan biyun, tsoron mutanen gida ya fi tsoron fada.

Nijar ɗin ma ta nuna inda hanyar take ƙarewa idan aka bi ta har ƙarshe. A 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya so ya zarce, Kotun Tsarin Mulki ta ce ba shi da hurumi, sai ya rushe majalisa a watan Mayu, ya rushe kotun a watan Yuni, ya yi ƙuri'ar raba gardama a watan Agusta. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 soja suka kama shi a fadarsa. Ya kawar da duk wanda zai iya ce masa a'a ta hanyar doka, sai aka bar masu bindiga kaɗai.

Akwai hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ban raina ta ba. Ƙasar da ke fama da 'yan bindiga da masu tayar da ƙayar baya tana buƙatar shugaban da zai iya ɗaukar mataki da gaggawa, kuma majalisa ita ma tana iya zama makamin zalunci. Majalisar Kaduna da jam'iyyar NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa sau da dama, sannan ta tsige shi a Yunin 1981, kuma ba kishin doka ne ya kai ta ga haka ba. Zamanin da Saraki da Dogara suke shugabancin majalisun biyu, daga 2015 zuwa 2019, an ga majalisa mai tsayawa da ƙafarta, ta ƙi tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC har sau biyu, ko da yake an bar shi yana riƙo har 2020, amma an kuma ga jinkirin kasafi da zargin yin cushe a cikinsa. Faɗa tsakanin majalisa da fada ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne idan shugaba ya kawo buƙata a karanta ta, a tambaye shi dalili, a ƙirga ƙuri'a, idan kotu ta yi magana kuma a bi ko da ba a ji daɗi ba. Gaggawar tsaro ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan, kamar yadda misalin 2013 ya nuna.

Game da gyara, shawarwari masu kyau sun daɗe a ajiye. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara tun 2008 cewa a cire zaɓen shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, tunda shi ma ɗan takara ne, amma babu gwamnatin da ta yarda ta saki wannan iko. An sha kawo batun raba muƙamin Antoni Janar da na ministan shari'a, domin lauyan ƙasa ya daina zama ɗan majalisar ministocin wanda zai iya gurfanarwa. Ana kuma buƙatar a gyara sashe na 305 ya faɗi ƙarara abin da shugaba zai iya yi da wanda ba zai iya ba a lokacin dokar ta-ɓaci. Dukkan waɗannan sai an taɓa kundi, wanda ke buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, wato sai da yardar waɗanda za a rage wa iko, shi ya sa ba na sa rai da su nan kusa.

Akwai guda ɗaya da ba ya buƙatar gyaran kundi, majalisa za ta iya yinsa gobe ta hanyar dokokin zamanta: duk inda kundin ya ambaci adadi, da duk wani rance ko kasafi, a kira sunan kowane ɗan majalisa ya faɗi ƙuri'arsa, a rubuta, a buga. Shi na fi ba muhimmanci, saboda shi ne yake mayar da ɗan majalisa hannun mutanen da suka zaɓe shi. Idan kana son ka gwada abin da nake faɗa, ka nemi ɗan majalisar tarayya na mazaɓarku idan ya zo gida hutun salla, ka tambaye shi ko yana zauren ranar 20 ga Maris 2025, kuma wane ɓangare ya zaɓa. Duk amsar da ya ba ka dole ka karɓa, domin babu jerin ƙuri'un da za ka duba ka gaskata shi ko ka ƙaryata shi.